Roswitha Pawlak, Makaɗiyar da Dokarta Ta Ci

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya Roswitha Pawlak a ranar Juma'a, 14 ga watan Maris na shekarar 1958, a garin Herne da ke yankin Ruhr na Jamus ta Yamma, a zamanin da mace ba ta shanya fararen kaya a waje sai ta duba inda hayaƙin kwal ya dosa. Mahaifinta, Egon Pawlak, ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai kula da sauya wa jirage hanya, mahaifiyarta Irmgard kuwa ɗinki take yi a cikin gida. Ita kaɗai suka haifa, saboda haka duk abin da mahaifin ya tanada domin ɗa namiji ita ya juye wa, tun daga son tsari har zuwa taurin kai.

Egon mutum ne da bai yarda akwai matsalar da ta fi ƙarfin doka ba. Ya shekara ashirin da biyu yana riƙe da muƙamin magatakardan ƙungiyar masu lambu ta unguwarsu, inda kowane ma'aikaci ke da ɗan filinsa na dankali da kabeji da ɗakin katako guda, kuma a tsawon wannan lokaci babu shingen da ya zarce tsayin da aka ƙayyade ba tare da mai shi ya sami takarda ba. A ƙofar lambun akwai allon da ya rubuta da hannunsa, wanda ya haramta kowace irin hayaniya daga ƙarfe ɗaya zuwa ƙarfe uku na rana. Roswitha ta tashi tana zama a gefensa a wurin taro, tana kallon manya suna ɗaga hannu ana ƙirgawa, har ta yi imani cewa kowace rigima a duniya tana da sashen dokar da zai raba ta.

Makaranta da fara kiɗa

A watan Afrilu na 1964 aka sa ta a makarantar firamare, kuma tun ranar farko malama ta zaunar da ita benci ɗaya da Dagmar Lenzen, 'yar mai gidan giyar da ke bakin tasha, yarinya mai murya ta mutum uku, wadda ba ta taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba. Duk wanda ya san su ya yi mamakin yadda jininsu ya haɗu. Roswitha ce ke tsayawa a ƙofar gidan su Dagmar kowace safiya tana danna ƙararrawa, Dagmar kuma ita ke rama mata faɗa idan yara sun tsokane ta, domin ita Roswitha sai ta koma gida take tuna amsar da ya kamata ta bayar.

A shekarar 1970 ta shiga ƙungiyar 'yan badujala ta unguwa da niyyar koyon busa, amma ranar da ta je sarewa ta ƙare, sai aka rataya mata ƙaramar ganga. Daga ranar ba ta sake waiwayar sarewa ba. Mahaifinta bai hana ta ba, sai dai ya ɗauki abin a matsayin aikin da ke buƙatar sufeto. Yakan zauna a ƙofar ɗakin katako da agogon aljihunsa na aiki a tafin hannu, tana kiɗa yana aunawa.

“Kin yi gudu, 'yar nan,” in ji shi. “A baiti na biyu kin cinye sakan uku. Jirgi ya yi haka, ai sai a kwashi mutane zuwa asibiti.”

“Baba, wurin ne ya yi daɗi.”

“Daɗin ya jira lokacinsa. Sake.”

Ta kammala sakandare a 1974, ta shiga koyon aiki a ofishin da ke tsara lokutan bas-bas na gari. Kiɗa dai ba ta bari ba, gudun nan ma da mahaifinta ke kuka da shi ba ta bari ba.

Kafa ƙungiya

A ƙarshen shekarun 1970 matasan ƙasar suka gaji da kwaikwayon waƙoƙin Ingilishi, suka fara rera nasu da Jamusanci a kan abubuwan da ke gabansu, kamar injin wanki da gidan haya da mai duba tikiti, salon da 'yan jarida suka sa wa suna sabon yayi. A watan Mayu na 1979 Dagmar ta tattaro mutum biyu: Volker Brandes, mai gyaran lantarki da ke kaɗa gita, mai saurin fushi da saurin hucewa, da Winfried Sauer, ɗan mai kantin magani, wanda ke danna fiyano kuma yake ƙaunar duk na'urar da ke da maɓalli. Roswitha ta zama ta huɗu, a bayan ganguna. A ɗakin katakon Egon suke gwaji, kuma ƙarfe ɗaya na bugawa sai kowa ya ajiye kayansa ko da a tsakiyar waƙa ne. Daga allon ƙofar lambun suka ɗauko sunansu, Mittagsruhe, wato hutun tsakar rana.

A zama na uku Roswitha ta zo da kundin tsari mai sashe tara, wanda ta buga da tafireta, da littafi mai baƙin bango na rubuta abin da aka yanke.

“Ke, ƙungiyar kiɗa muke, ba ta masu kabeji ba,” in ji Volker.

“Masu kabeji sun shekara sittin tare,” ta ce. “Ku nawa za ku yi?”

Dagmar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sa mata suna Magatakarda, sunan da ya bi ta har kabari. Suka sa hannu su duka. Ƙuri'a da kwalayen ɗora kofi ake yin ta, waɗanda Dagmar ta kwaso daga gidan giyar mahaifinta: wanda ya amince ya ajiye nasa fuska sama, wanda bai amince ba ya kife. Da yake mutum huɗu na iya rabuwa biyu da biyu, sai Roswitha ta tanadi sashe na huɗu, wanda ya ce duk wanda magana ta shafi kansa ba ya jefa ƙuri'a a cikinta. Sashe na shida ya ce ba a yanke magana sau biyu, na bakwai kuma ya ce abin da aka yanke a ɗaki ba ya fita waje. Wanda sashe na huɗu ya fara ci shi ne Volker, a kan wani wando rawaya da yake son hawa dandamali da shi, kuma wandon ya faɗi da ƙuri'a uku babu ko ɗaya.

Cikin shekara biyu babu zauren matasa a yankin da ba su cika ba. Mutane suna zuwa ne don muryar Dagmar, amma waɗanda suka san abin sun san cewa hannun Roswitha ne ke ɗaga su daga kujera. Ba ta da kwalliyar kiɗa, ba ta jefa sanda sama, fuskarta a ɗaure kamar mai cike takardar haraji. Sai dai tana jin numfashin zaure: idan jama'a suka ɗauki zafi sai ta ja su da gudu, idan Dagmar na buƙatar iska sai ta sassauta ba tare da kowa ya lura ba. Waƙarsu da aka fi so ita ce “Bas ɗin Bakwai da Kwata”, wadda Dagmar ta tsara a kan motar da ta yi ta kuɓuce mata tun tana makaranta.

Ƙuri'ar Hamburg

A ƙarshen 1981 wani kamfanin faifai na Hamburg ya ɗauke su, ya haɗa su da wani mai shirya sauti da ake kira Falkenrath, mutum mai laushin murya wanda bai taɓa yi wa kowa tsawa ba, kuma bai taɓa fasa abin da ya yi niyya ba. A ranar Talata, 9 ga watan Fabrairu na 1982, bayan an ɗauki waƙar bas sau goma sha huɗu, ya ɗora wani ɗan akwati mai maɓallai a kan tebur, ya danna, sai ga kiɗan ganguna yana fita babu ganga.

“Hannunki yana da kyau a zaure, baiwar Allah,” ya ce da Roswitha, “amma rediyo ba ta son kiɗan da ke numfashi. Wannan ba ya ɗoki, ba ya gajiya, ba ya tambayar yaushe za a ci abinci.”

Idanun Winfried har wani ƙyalli suke yi. Volker kuwa ya miƙe tsaye. “To ku nemo wani akwatin ya kaɗa gita, wani ya yi waƙa, mu mu koma gida mu huta mana!”

“Magatakarda, ki ce wani abu mana,” in ji Dagmar.

Roswitha ta raba kwalaye uku don a yanke ko akwatin zai maye gurbinta a faifai, ta sa nata a aljihu, ta buɗe littafi. “Sashe na huɗu,” ta ce.

Winfried ya ajiye nasa fuska sama. Volker ya kife nasa da ƙarfin da ya sa kofuna suka yi tsalle. Dagmar ta daɗe tana juya nata a hannu. “Faifai ɗaya ne kawai, Rosi,” ta ce, ba ta ɗago ido ba. “Ɗaya tak. Da zarar mun samu shiga, sai mu yi yadda muke so.” Ta ajiye shi fuska sama. Roswitha ta rubuta biyu da ɗaya, ta duba agogon bango, ta ƙara da cewa ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in. A bayan faifan an bar sunanta a matsayin mai ganguna, kamar yadda kamfani ya so, sashe na bakwai kuma ya rufe bakin kowa.

A nan mai wannan tarihi ba zai ɓoye takaicinsa ba. Da ta yi kuka, ko ta jefi wani da sanda, ko ta ce ƙawar ƙuruciya ba a auna ta da kwali, da Dagmar ta kife nata, kuma ita Dagmar ɗin ta faɗi haka da bakinta bayan shekaru. Amma 'yar Egon Pawlak ce, ita ta buga dokar da yatsunta, kuma a ganinta wanda ya rubuta doka shi ya fi kowa cancantar ta ci shi.

Ɗaukaka

Faifan ya fito a watan Afrilu na 1982, kuma kafin bazara ta ƙare babu gidan rediyo, babu wurin ninƙaya, babu bikin aure da ba a jin sa. Waƙar ta shafe mako goma sha ɗaya a cikin jerin waƙoƙi goma da suka fi tashe. Aka gayyace su gidajen talabijin, inda al'adar zamanin ita ce a saka faifai mawaƙa su yi ta motsa baki. Ga Dagmar wannan wasa ne, tunda muryar da ke fita tata ce. Roswitha kuwa sai a lulluɓe mata ganguna da roba, a ba ta farantan kiɗa na leda maimakon na ƙarfe, ta zauna tana dukan abin da ba ya amsawa, tana bin sawun akwati a gaban mutum miliyoyi. Ko a zaure ma kamfani ya nace a riƙa saka faifan, domin jama'a abin da suka ji a rediyo suke so.

Abin da ya fi komai ci mata rai ba a talabijin ya faru ba, a lambu ne. Egon ya sayi faifan guda shida. Ƙarfe uku na cika yakan fito da na'urar saka faifai bakin ƙofa, ya tara maƙwabta, ya buɗe agogonsa.

“Minti uku da sakan ashirin,” yakan ce. “Ku auna kowane baiti, babu wanda ya fi ɗan'uwansa ko da ƙiftawar ido. 'Yata ce wannan! Shekara goma sha biyu ina fama da ita kafin ta ji magana.”

Ranar da ta zo ziyara ya dafa kafaɗarta a gaban mutane, abin da bai saba yi ba, ya ce, “Yanzu kam kin zama makaɗiya.” Ta ce, “Na gode, Baba.” Ta sha yin niyyar gaya masa gaskiya, amma ga sashe na bakwai, ga kuma farin cikin tsoho wanda ba ta da zuciyar ɓatawa. Egon ya rasu a watan Oktoba na 1984, yana alfahari da kiɗan da ba hannunta ya yi ba, ya bar mata lambun da agogon.

Rushewa

Faifai ɗaya tak ya zama biyu, biyu suka zama uku, duk da akwati, domin babu kamfanin da ke sauya abin da ya karɓu. Ana cikin haka kamfanoni suka cika kasuwa da duk wanda ya iya tsalle da Jamusanci, har kunnen jama'a ya ƙoshi, kuma kafin ƙarshen 1984 sabon yayi ya zama tsohon yayi. Wasansu na ƙarshe sun yi shi ne a watan Maris na 1985, a filin ajiye motoci na wani sabon kantin kujeru, cikin yayyafi, a gaban mutum kamar arba'in waɗanda akasarinsu layin karɓar gasasshen naman soseji kyauta suke bi. Bayan kwana biyu suka haɗu a ɗakin katako, aka kawo shawarar rushe ƙungiya, kwalaye huɗu suka kwanta fuska sama.

Da mazan suka fita, Dagmar ta tsaya a bakin ƙofa. “Rosi, maganar Hamburg ɗin nan…”

“An rufe taro,” in ji Roswitha, ta rufe littafi.

Shekara ashirin da huɗu ba su sake zama wuri ɗaya ba. Dagmar na aiko da katin murnar ranar haihuwa duk shekara, a makare da mako guda, Roswitha kuma tana aika nata ya isa a ranar, da layi ɗaya a ciki.

Aiki, aure da 'ya'ya

Ta koma ofishinta na tsara lokutan bas-bas a watan Yuni na 1985, inda ta yi aiki har ta kai matsayin shugabar sashe. A ranar 23 ga watan Mayu na 1986 ta auri Lothar Niehaus, direban bas, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana, wanda ya fara zuwa ofishinta ne don ya yi ƙorafin cewa minti huɗun da ta ba shi tsakanin tasha da asibiti ba sa isa. Ba ta ƙara masa ko minti ɗaya ba, amma ta aure shi. Sun haifi Katrin a 1987, Jens a 1990, da Birte a 1993. A takarda ta zama Niehaus, a bakin mutanen gari kuwa Pawlak ta ci gaba da zama.

Gangunan suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma kowace Asabar daga ƙarfe uku zuwa huɗu takan sauka ta rufe ƙofa. Waƙar bas ba ta mutu ba, ana jin ta a kantuna da bukukuwa, kuma ba a rasa wanda zai tare ta a layin burodi ya ce bai taɓa jin makaɗin da ba ya kuskure kamarta ba. Takan yi godiya ta karɓi burodinta. Lothar kaɗai ya san gaskiya, shi ma ba gaya masa ta yi ba, sauraro ya yi ta ƙofar ɗakin ƙasa ya gane cewa mai kiɗan ciki da mai kiɗan faifai ba mutum ɗaya ba ne.

Sake haɗuwa

A watan Maris na 2009 kwamitin bikin gari ya rubuto yana neman ƙungiyar ta hau dandamali don cika shekara talatin da kafuwa. Roswitha ta karanta takardar sau biyu, ta ce da Lothar ya hawo da ganguna, ta shiga gwaji kullum bayan tashi daga aiki. Ba ta faɗa wa kowa abin da take so ba, amma ba a ɓoye yake ba: ta yi kiɗan waƙar nan da hannunta, sau ɗaya, a gaban garin da ya shekara ashirin da bakwai yana yaba mata aikin akwati.

Suka haɗu a ɗakin katako a watan Yuni. Volker ya yi sanƙo, Winfried ya yi tumbi ya gaji kantin magani, Dagmar kuwa ta zo a makare da minti ashirin, da gyale a wuya. Ta shafe shekarun tana waƙa a jiragen ruwan yawon shaƙatawa da rumfunan biki, har aka yi mata aiki a maƙogwaro a 2006. Da aka fara gwaji komai ya tafi daidai, sai da aka zo wurin da murya ke hawa sama a amshi, nan ta karye. Aka sake, ta sake karyewa. Winfried ya yi bayanin cewa asalin kaset ɗin da ya raba murya da kiɗa ya ɓace tun da kamfanin ya rufe, abin da ya rage shi ne faifan, murya da akwati a cakuɗe. Ke nan ko a saka shi dungurungum, ko a yi komai da hannu da baki.

“Ba zan iya ba,” in ji Dagmar. “Garin nan da murya ya san ni. Ku saka faifai, in motsa baki, mu rabu lafiya.”

“Allah ya kiyaye!” in ji Volker. “Shekara nawa ina jiran in rama ƙuri'ata.”

Roswitha ta raba kwalaye. Da Dagmar ta miƙo hannu sai ta janye. “Sashe na huɗu, Daggi. Maganar muryarki ce.”

“To ai ke ma ta shafe ki,” in ji Winfried.

“Tawa an yanke ta tun a Hamburg. Sashe na shida.”

Winfried ya ajiye nasa fuska sama, don a saka faifai. Volker ya kife. Roswitha ta buɗe bangon littafi ta zaro wani tsohon kwali da ya yi rawaya, wanda ta sa a aljihu a 1982 ba ta jefa ba. Dagmar ta gane shi nan take.

“Rama, Rosi,” ta ce. “Kina da gaskiya. Ko ni ce ramawa zan yi.”

Roswitha ta ajiye shi fuska sama.

“Kin haukace ne?” in ji Volker.

“Biyu da ɗaya. Wa ke da agogo?”

Da ta koma gida ta ce da Lothar ya nemo mata robar lulluɓe ganguna. Ya tambaye ta dalili. “Na san Daggi tun tana da gibi,” ta ce. “Idan muryar nan ta karye a gaban garin nan, ko sayen burodi ba za ta sake fita ba.” Daga nan ta sauka ɗakin ƙasa ta rufe ƙofa, kuma a ranar Lothar bai ji kiɗa ba, kuka ya ji.

Ranar 6 ga Satumba

A ranar Lahadi, 6 ga watan Satumba na 2009, da ƙarfe uku daidai na rana, suka hau dandamali a filin kasuwa, a gaban jama'ar da aka ƙiyasta sun kai dubu shida. Aka saka faifai, fili ya ɗauki sowa. Dagmar ta bi baiti na farko da leɓe, sannan ta juya kamar yadda ta saba, ta ga Roswitha, da furfura da tabarau, tana dukan roba bilhaƙƙi, ba ta sakin ko bugu ɗaya. Sai leɓenta ya tsaya, muryar yarinyar da ke cikin faifai ta ci gaba ita kaɗai. Ta ɗaga wa mai kula da sauti hannu har sai da ya kashe, ta wuce gefe ta fizge makirufon mai gabatarwa, domin nata ba a jona shi da komai ba.

“Mutanen Herne, ku saurara,” ta ce, muryarta a dishe. “Wadda kuka ji yanzu 'yar shekara ashirin da huɗu ce. Ni hamsin da ɗaya gare ni, kuma likita ya shiga maƙogwarona da wuƙa. Kiɗan nan kuma da kuke ta yaba wa Rosi, akwati ne, ni na zaɓe shi a kanta. Yau ta zaɓi ta sake dukan roba don ta rufa min asiri. Ni kuwa na gaji.”

“Daggi!” Muryar Roswitha ta shiga makirufo, fili duka ya ji. “Ba a jefa ƙuri'a a kan wannan ba!”

“Ki kai ni ƙara, Magatakarda. Cire robar nan.”

Dariya ta ɓarke. Volker ya zaro wayar gitarsa daga aljihu, wadda ya ce ya zo da ita ne don ko-ta-kwana, Lothar kuma ya ratso jama'a ɗauke da farantan ƙarfe da ya ɓoye a bayan mota tun da safe. An ɗauki minti goma sha biyu ana jona wayoyi, kuma babu wanda ya bar filin.

Roswitha ta buga sanda da sanda sau huɗu, ta shiga. Waɗanda suka san ta kafin Hamburg, tsofaffi da jikoki a kafaɗa, sun ce tun bugun farko suka gane ta. Ta ja su da gudu inda wurin ya yi daɗi, ba ta jira lokacinsa ba. Da aka iso amshi muryar Dagmar ta hau, ta karye, kamar yadda kowa a kan dandamali ya san za ta yi. Roswitha ta sassauta, ta riƙe bugun a ƙasa, ta ba ta wurin jan numfashi, kuma cikin wannan ɗan sarari mutum dubu shida suka ɗauki amshin suka kai shi inda ya kamata. Haka ta yi a amshi na biyu da na uku, tana jiran ƙawarta kamar yadda take jiranta a ƙofar gida suna yara.

Da suka sauko, Katrin ta tare ta da agogon kakanta a hannu. “Mama, minti uku da sakan hamsin da ɗaya. Kin ƙara talatin da ɗaya.”

“Da kakanki na nan, da na sha faɗa,” in ji Roswitha. Ta kalli agogon, sannan ta ce, “Amma da ya san ni ce.”

Ƙarshen rayuwa

Ƙungiyar ta ci gaba da wasa sau uku ko huɗu a shekara har zuwa 2016, a ƙananan wurare, ba tare da faifai ba, kuma aka sauko da waƙoƙin zuwa inda muryar Dagmar ke iya kaiwa. Ba su sake yin suna ba, ba su kuma nema ba. Kowace Laraba Dagmar na zuwa lambu shan kofi da ƙarfe uku, wato uku da kwata.

Roswitha ta ajiye aiki a 2018 saboda ciwon zuciya, ta rasu a asibiti a ranar Talata, 12 ga watan Nuwamba na 2019, tana da shekara sittin da ɗaya. An yi jana'izarta a ranar 19 ga watan, aka binne ta kusa da iyayenta. A majami'a an saka waƙar bas, ɗaukar ranar bikin gari, da karyewar muryar da komai. Waɗanda suka fara isowa sun tarar da Dagmar zaune a bencin gaba tun kafin a kunna fitilu.

Ta rasu ta bar mijinta, Lothar Niehaus, da 'ya'ya uku: Katrin, malamar makaranta, wadda ta gaji agogon, Jens, injiniyan gadoji, da Birte, ma'aikaciyar jinya, wadda ta gaji gangunan, da jikoki huɗu. Littafin mai baƙin bango kuwa Dagmar ta bar wa. A ƙarƙashin ranar 6 ga Satumba, 2009, da rubutun Roswitha mai tsabta, ga abin da ta shigar: “An saɓa wa ƙuri'a. An karya sashe na bakwai a bainar jama'a. An yi kiɗa da hannu, minti uku da sakan hamsin da ɗaya. Magatakarda ba ta da ƙorafi.”